Karkatattun Sandunan Bilal

Duk ilimin da ɗan Adam ya tara tun farkon duniya, daga lissafin taurari har zuwa takardar lanho, wato haraji, bisa abu guda yake tsaye: sanda. Ba sandar makiyayi nake nufi ba, ba kuma wadda wasunku malamai ke ɓoyewa bayan tabulo, babban allon aji, in sun ji ƙarar motar ansipekta ba. Ina nufin ɗan layin nan miƙaƙƙe da ake sa sabon ɗalibi ya ja daga sama zuwa ƙasa a ranarsa ta farko a lakwal, makarantar boko, wanda Faransawa ke kira bato. Wanda ya iya jan sanda zai iya rubuta harafi, wanda ya iya harafi kuwa ba abin da ya rage tsakaninsa da kujerar gwamna sai haƙuri. Haka aka koya mana a makarantar horon malamai, haka na yarda, haka na koyar har kaina ya yi fari.

Kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun aikina kafin a kawo abinci. To, akwai wata la'asar ta bazara a Dakoro da har yau ba ta bar raina ba. Kowace shekara, in zafi ya kai inda yake kaiwa, itatuwa suka fara tofo ba su ga ko ɗigon ruwa ba, shamuwa ta dawo ta sauka bisa reshe tana duban mutane kamar an aiko ta ƙidayar gari, sai in tuna da ita.

Ƴan shekaru ne kafin mulkin kai. Ina da muƙamin monita, wato ƙaramin malami: sama da mai share aji, ƙasa da kowa. Bisa kaina akwai direkta, mutumin Dahome, mai son tsari, wanda ke goge takalminsa kowace safiya don ya taka rairayin Dakoro da shi. Bisa kansa akwai ansipekta, Nasara, yana zaune Maradi, ba ma ganinsa sai in hanya ta yarda. A gefe kuma akwai kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, wanda ba ruwansa da karatu amma ba a buɗe ko taga sai ya sani.

Bayan girbi sai takarda ta zo daga sama cewa a buɗe karatun manya. Za a riƙa yi bayan sallar la'asar, in yara sun tashi, har zuwa faɗuwar ruwa. Direkta ya duba hagu, ya duba dama, bai ga wanda ya fi ni ƙanƙanta ba, ya ce aikina ne.

Ga yadda ake samun ɗalibai a lokacin, don ku matasa ku daina kukan cewa iyaye ba sa zuwa taro. Kumandan ya faɗa wa sarki yana son mutane. Sarki ya faɗa wa masu unguwa. Masu unguwa suka zauna suka yi nazari mai zurfi, kowa ya nemo mutumin da in ya ɓace daga gari ba wanda zai lura. Haka aka tara mini aji: wani tsoho da kunnensa ya yi nauyi, mai gadin kasuwa, wasu baƙi da ba su da mai tsaya musu. Manyan mutane da gemu, zaune bisa bencin yara, gwiwa na gaisawa da haɓa.

Mutum biyu nake so ku riƙe.

Na farko Arzika, dillalin dabbobi. Shi kaɗai ne ya zo da ƙafarsa ba a koro shi ba. Yana so ya iya karanta tikitin da magatakardan kasuwa ke rubuta masa, don ya ce tunda aka kawo alƙalami kasuwa shanunsa suka fara raguwa a takarda suna nan daidai a turke. Mutum ne mai ƙiba da murya, bakinsa ba ya hutawa, fuskarsa cike da zanen gidansu.

Na biyu Bilal. Buzu ne, wato a bakin mutanen wurin, wanda iyayensa suka yi bauta a hannun Abzinawa. Dogon mutum, ya haura arba'in, rawaninsa kullum rufe da baki. Bayan damanar da ta wuce ya kwaso matarsa da ɗiyansa ya bar zangon iyayengijinsa, ya kafa bukkar tabarma a bakin gari, yana jan ruwa da saran itace don su ci.

Bari in faɗi halin da yake ciki tun yanzu, don shi ne labarin. A dokar Faransa Bilal ɗa ne, ba wanda ya mallake shi, kumandan ma zai faɗa masa haka in ya tambaya. Amma doka ba ta fitar da hatsi. Iyayengijinsa sun aiko masa cewa da ruwan farko ya sauka za su yi arewa da raƙuma, kuma suna jiransa da iyalinsa a bayan garke. In yana so ya zauna, sai ya samu gona kafin ruwa. Mai gari kuwa ba ya ba baƙo gona sai wani ɗan gari ya tsaya masa ya ce nasa ne. Wa zai tsaya wa Buzu, ya wayi gari ya tarar da raƙuman Abzinawa cikin geronsa? Duk ajin sun san wannan. Duk lokacin da iska ta juyo daga kudu, sai in ga Bilal ya leƙa taga.

Muka fara da sanda, kamar yadda shari'ar karatu ta tanada. Kowa da allonsa na dutse da guntun alli. A ja layi daga sama zuwa ƙasa, a miƙe, a jere kamar sojoji. Cikin ƴan kwanaki mai gadin kasuwa ya iya. Arzika ya iya, ko da yake nasa sandunan duk masu ƙiba ne. Bilal kuwa zai fara daidai, sanda ɗaya, biyu, sai hannunsa ya kauce. Layukan su kwanta, su taso daga wuri guda su bazu kamar yatsun hannu, kashi ɗaya a wannan gefen allo, kashi ɗaya a wancan. Daga ƙarshe ya ɗora wani ɗan gajere a gicciye bisa kashi ɗaya, ya zauna yana kallonsu.

In zo in goge. "Bilal, a miƙe."

"To, Mushe." Haka ake kiran malamin lakwal.

Washegari haka. Na kama hannunsa na ja da shi, na kawo karan dawa na aza masa ya bi. In ina tsaye a kansa sandunan su miƙe, in na juya baya su kwanta. Na rubuta wa direkta cewa hannun da ya saba da igiyar guga ba ya jin alli. Na ji daɗin wannan jimla ƙwarai a lokacin.

Haka har sanyi ya wuce, bazara ta shigo. A littafin da aka ba mu akwai darasi a kan wani lokaci na shekara da Faransawa ke ji da shi, wai furanni na buɗewa, tsuntsaye na waƙa, mutane na fita yawo don daɗin rana. Na fassara musu shi wata la'asar da allin da ke hannuna ke narkewa da gumi. Arzika ya ce, "Mushe, mutanen da ke hita yawo don daɗin rana, su ne suka ci mu da yaƙi?" Na ce su ne. Ya ce Allah mai iko. Amma ni na daɗe da lura cewa bazararmu ma tana da nata, sai dai ba ta da kunya ne wajen nunawa. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, gona ba ta fara ba, mutum yana zaune tsakanin abin da ya ci da abin da yake fata. A irin wannan zama ne mutane ke tuna waɗanda suka rasa.

Darasin da ya biyo baya shi ne na iyali: uba, uwa, kaka. Na zana babbar itaciya a tabulo, kamar yadda aka nuna mana, saiwa a ƙasa, rassa a sama, na ce kowa zai faɗi iyayensa in rubuta su a kai. Na manta, ko ilimi ya mantar da ni, cewa babban mutum ba ya kama sunan ubansa a bainar jama'a kamar yana kiran akuya. Na farko ya ce, "Sunan tsohona sunan mai gadin nan ne." Mai gadi ya ce shi kuma sunan nasa tsohon irin na limamin da ya rasu ne. Aka yi ta zagaye, itaciyata na tsaye ba ko ganye.

Arzika ne ya cece ni, don shi in dai alfahari ne yana da hanyar yinsa ba tare da ya karya ladabi ba. Ya miƙe ya ce shi ɗan mai rijiya ne, jikan wanda ya kashe zaki, sun taso daga kudu, suka zauna Sabon Maci, suka ƙara gaba har tsohonsa ya haƙa rijiya a wani daji kan hanyar Ajekoriya, yau ga shi ta zama gari. Ya shafa kuncinsa. "Wanga zane kuwa, Mushe, duba da kyau. Dogayen kowa na iya yi. Amma wanga ɗan gajeren da ya gicciya ƙarƙashin ido, gidanmu kaɗai ke da shi duk ƙasar Hausa. Kakanmu ya sa a yi, don ko mahara sun ɗauke yaro a gane shi."

Ya zauna, aka zo kan Bilal. Ajin ya yi shiru irin na mutanen da suka san ba a kyauta ba amma suna son su ga yadda za ta ƙare.

Arzika bai iya shiru ba. "Mushe, bar Buzu ya huta. Shi itaciyarshi turke ce, ba ta reshe."

Aka yi dariya. Bilal bai dube shi ba. Ya ce da Hausarsa mai nauyin Tamashek, "Ubana ban san nashi ba, can aka haihe shi. Amma uwata Bahaushiya ce. Tana yarinya aka kawo ta."

"Kowane Buzu haka yake cewa. Daga wane gari?"

"Ban sani ba."

"Ɗiyar wa?"

"Ban sani ba. Ta rasu ina saurayi." Ya ɗaga allonsa ya juyo da shi wajen aji. "Wanga kaɗai na riƙe. Ga ta."

Sandunan nan ne da na yi wata da watanni ina gogewa. Kashi ɗaya kunci, ɗayan kashin ɗaya kuncin, ga ɗan gajere a gicciye. Tunda aka ba shi alli, shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya samu abin da zai ajiye fuskar a kai.

Na dubi Arzika. Hannunsa yana kan kuncinsa bai sauke ba. Ya ce, "Ka kwaikwayi nawa ne." Mai gadin kasuwa ya ce, "A'a, dillali. Tun ranar hwarko yake yin shi, kai kuwa bayanka yake gani." Gaskiya ne, Bilal a bencin ƙarshe yake zama. Arzika ya tattara rigarsa ya fita ba sallama.

Kwanaki suka wuce bai dawo ba. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Direkta ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya yi mini magana da Faransanci mai kyau. Abin da ya ce a taƙaice: aikina bato ne. Zuriyar mutane aikin Allah ne, rigima da Abzinawa kuma aikin kumandan ne, kuma kumandan ba ya son aiki. Ya tuna mini cewa ansipekta na tafe kafin ruwa ya yanke hanya, kuma kujera babu kowa ita ake fara gani. Na ce ai shi ya sa nake so in je in nemo Arzika. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in je, amma shi bai ji ba.

Na same shi ranar kasuwa cikin shanu, ya ja ni inuwar wata aduwa.

"Mushe, ka san wa ke sauka gidana in sun kawo raƙuma?"

Na sani. Iyayengijin Bilal baƙinsa ne, shi ke sayar musu, shi ke cin la'adarsu.

"To in na buɗe baki na ce ɗan gwaggona ne, sun tahi ke nan. Ga shi a ce Arzika ɗan mai rijiya, ɗan'uwanshi bawa. Ka san bakin mutanen garin ga."

Na ce ni ban zo in sa shi faɗin komai ba, bencinsa ne ya yi ƙura. Ya yi ɗan murmushi, ya daɗe yana kallon wani bijimi da ba nasa ba.

"Tsohona yana da ƙanwa," in ji shi. "Suna yara aka aike su korar tsuntsu a gona, mahaya suka ɓullo. Shi ya tsira. Mutane na cewa neman ƙasar noma ya sa muke ta gusowa arewa. Ba haka ba ne. Kowane ayari ya sauka rijiyarmu, sai tsoho ya tashi ya je ya tsaya yana duban huskar mata, har ana ce mishi marar kunya. Yanzu idon ya tahi. Har yau in ya ji kukan raƙumi sai ya ce a kai shi bakin rijiya." Ya tofar da goro. "In ya ji a bakin wani cewa na gani na ɓoye, ba zai yahe mini ba. Alhamis ba ku da lakwal ko?"

A zamaninmu ba a karatu ranar Alhamis. Muka tashi da sanyin safiya, Arzika bisa dokinsa, ni bisa jakin aro, Bilal a ƙasa, allon gwamnati naɗe a bakin rawaninsa. Duk hanya mutane na sassabe, hayaƙin ƙona kara na tashi nan da can, gabas ta yi duhu-duhu. Ba wanda ya yi magana cikin biyun. Ni na cika shirun da bayani a kan yadda girgije ke haɗuwa, ban ga alamar an amfana ba.

Muka tarar da tsohon, Gonda, ƙarƙashin rumfa, ƙashi da fata, idanu sun yi fari. Mutanen gari suka taru, don ba a zuwa da malamin Nasara da Buzu tare a ce gaisuwa ce kawai. Bayan an sha ruwa Arzika ya durƙusa ya yi bayani, da muryar da ban san yana da ita ba. Bilal ya kwance allon. Gumi da rawani sun riga sun goge shi tas.

Na fara laluben alli a aljihu. Tsoho ya ce, "Mi ake nema?" Aka faɗa masa. Ya ce, "Ko ya zana mi zan gani? Yaro, matso. Rubuta nan." Ya bubbuga kuncinsa.

Bilal bai motsa ba. Mutum ne da aka rena shi a kan cewa ko inuwar babba ba a takawa. Sai da tsoho ya lalubo hannunsa ya aza bisa fuskarsa da kansa. Yatsan ya fara daga gefen baki ya yi wajen kunne, ya dawo, ya sake, a hankali, kamar yadda yake yi a aji in na juya baya. Ya gama kunci ɗaya ya koma ɗayan, ya ƙare da ɗan gajeren ƙarƙashin ido.

A matsayina na malami dole in ce wannan jarrabawa ba ta da daraja, tunda amsar na rubuce a fuskar mai tambaya. Amma ban ga wanda ya nemi ra'ayina ba.

Tsoho bai saki hannun ba. "Mi sunanta?"

"Abin da suke kiranta da shi ba suna ba ne, Baba. Baiwa kawai yake nuhi."

"Wanda ta zo da shi?"

"Ta ce ta manta. Ko ba ta son hwaɗi."

"Garinsu?"

"Ta ce akwai rijiya, akwai tsamiya."

Wani daga baya ya ce ai ko lahira akwai rijiya da tsamiya. Aka yi ƴar dariya, aka bari. Na dubi Arzika, na ga ya fara numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya, ban san ko daɗi ne ko akasinsa ba.

"Ba ta ambaci kowa ba?" in ji tsoho.

Bilal ya ce, "Sau ɗaya. Muna kiwo, na tsere mata da gudu, sai ta ce ita ma tana da wa." Ya tsaya. "Ta ce ya hi ta gudu."

Wata tsohuwa a bayan zana ta ja mayafinta ta rufe fuska. Tsoho Gonda ya zauna yadda yake, hannun Bilal cikin nasa, har na fara tunanin ko barci ya ɗauke shi. Can ya juya wajen da yake jin numfashin ɗansa. Ba ya kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Mai Shanu," ya ce. "Ga bawanka nan. Ka riƙe shi da kyau."

Bilal ya zare hannunsa ya miƙe tsaye. Ni ma na ce a raina mun yi tafiyar nan duka don a maimaita masa kalmar da ya gudo wa.

Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in yi bayani. In mace da namiji ciki ɗaya suka haihu, ɗiyansu taubasai ne. Tsakanin taubasai ba kunya, ba fushi, zagi halal ne. Kuma a wasan, ɗan namiji shi ne ubangiji, ɗan mace shi ne bawa. In watan cika-ciki ya kama, ɗan mace ya ɗauki tsintsiya ya je ya share ƙofar ɗan namiji, a ba shi kyautar da ake kira shara, ba a kuma hana shi. Ba a kiran bare da wannan suna a wannan wasa. Sai jini.

Bilal ya san wasan, don Abzinawa ma suna da irinsa. Sai dai shi bai taɓa samun wanda zai yi da shi ba. Na ga abin yana isa gare shi sannu-sannu, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya sa hannu ya sauke rawanin daga bakinsa. Ranar na fara ganin haƙoransa.

"In ni ne ɗan mace," ya ce, "to ina sharata?"

Arzika ya riga ya dawo cikin hayyacinsa. "Ji maye. Watan shara bai kama ba, Buzu."

"Ni ban iya lissahin wata ba. Mushe bai kai mu nan ba."

"To mi kake so? Goro? In ba ka tsohuwar hulata ka rabu da tsumman ga?"

"Hular ka riƙe, kanka ya hi buƙatar rufi. Na ga wata gona gabas da rijiya, ba a sassabe ta ba."

Arzika ya juya wajen ubansa. "Baba, ka ji ɓarawo. Ashe duk shirun da yake yi a hanya auna gona yake."

"Da uwarshi na nan, ai gamanarta ce, gonar kanta," in ji tsoho. "A ba shi. A ba shi iri."

Mai garin rijiyar, wanda ƙanen tsoho ne, ya ce ya shaida. Aka yi fatiha. A hanyar dawowa su biyun suka yi ta zagin juna har Dakoro, wannan karon ni ne ban samu wurin magana ba.

Abin da ya faru da Abzinawa ban gani ba, ji na yi. Kasuwar da ta zagayo sun sauka gidan Arzika kamar kullum. Ya ba su fura, ya sayar musu da raƙumansu da daraja, sa'an nan ya ce musu mutumin da suke jira taubashinsa ne, ɗan ƙanwar ubansa. Ya ƙara da cewa tsohonsa na son ya san yadda aka yi ƙanwar tasa ta isa hannunsu, in suna da lokaci a je gaban kumandan su yi masa bayani. Ba su da lokaci. Ba su sake sauka gidansa ba, wani dillali ya gaje su, kuma har Arzika ya tsufa in ya ga Bilal sai ya ce, "Ga bawan da ya hi raƙuma tsada."

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. Washegari ajina ya watse, kowa ya yi gona. Ranar da motar ansipekta ta iso, ba kowa a benci sai tsohon nan mai nauyin kunne, wanda ina zaton bai ji an ce ruwa ya sauka ba. Nasara ya zaga, ya duba alluna da ke jingine a bango. Bilal ya dawo da nasa tun kafin ya tashi, don kayan gwamnati ne, ya kuma bar zanensa a kai. Ansipekta ya ɗaga shi ya tambayi tun yaushe wannan ɗalibi yake zuwa. Na ce tun farko. Ya rubuta a rahotonsa cewa ba a ga ci gaba ba, monita ya ƙara himma wajen bato. Shekarar da ta biyo ba a sake buɗe karatun ba.

Tsoho Gonda ya rasu bayan girbin shekarar. An ce daga ranar nan bai ƙara cewa a kai shi bakin rijiya ba. Jikokin Bilal suna nan a garin tsohon suna noma gabas da rijiya, kowane cika-ciki suna zuwa ƙofar jikokin Arzika da tsintsiya da baƙar magana.

Abin da na koya, kuma shi ne nasihata gare ku, ba shi da yawa. Yaro yakan zo muku da allo babu komai. Babba ba ya zuwa haka, ko da kun ga allon a goge. Kafin ku sa tsumma ku share abin da ya ja, ku tambaye shi mene ne. Na kuma ƙara yarda da abin da na fara da shi. Ƴan sanduna bisa allon dutse sun yi abin da dokar Faransa da kumandanta ba su yi ba, sun mayar da mutum gidansu. Na daɗe ina ba da wannan labari a matsayin hujjar cewa alama ba ta ƙarya, in dai an samu mai karanta ta.

Bayan mulkin kai aka yi mini canjin wuri zuwa wani ƙauye can kudu da Maradi. Ranar farko ina kiran suna na ɗaga kai, na ga zanen nan a benci na gaba, da na tsakiya, da na baya, har da ɗan gajeren da ya gicciya ƙarƙashin ido. Ɗan mai gari yana da shi, ɗan maƙeri yana da shi, ɗan wani baƙo da ya zo bara waccan ba shi da shi, amma ƙanensa na goye yana da shi. Da aka tashi na je na sami wanzamin garin, na tambaye shi zanen wane gida ne wannan.

Ya ce ba na gidan kowa ba ne. Zanen nan kaɗai ubansa ya koya masa, shi yake yi wa kowa.